Maganin Ɗaukewar Al'ada da Cunkushewar Naman Nono: Yadda Aka Faro

A ranar 10 ga Nuwamba, 2025, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da sanarwar cewa za a cire babban gargaɗin nan da ake bugawa cikin baƙin akwati a takardar magungunan homon da ake ba matan da al'ada ta ɗauke musu. Tun 2003 gargaɗin yake nan, yana shaida wa mace cewa maganin na iya jawo mata sankarar nono, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Shugabannin hukumar suka ce an shafe shekara ashirin da ɗoriya ana firgita mata fiye da kima. Wasu likitoci suka yi murna, wasu suka ce an yi gaggawa. Mai karatu a Gude ko Kabo a jihar Kano zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwanmu kuwa da yawa, domin maganin da aka sassauta wa a Amurka ba ya daɗewa bai iso kantar kemis a Gwarzo ba, kuma idan ya iso, ba ya zuwa tare da na'urar da ake sa masa ido da ita.

A cikin hayaniyar nan akwai maganar da ta sha ƙasa, wato abin da maganin ke yi wa naman nono shi kansa. Nonon mace kitse ne haɗe da ƙwayoyin da ke yin ruwan nono, da hanyoyin da ruwan ke bi, da jijiyoyin da ke riƙe su. Idan za a yi hoton nono, wanda ake kira mamogiram, mace takan tsaya gaban na'ura, a ɗora nonon a kan faranti, a sauko da wani farantin roba ya matse shi har ya baje, ta riƙe numfashi na ɗan lokaci, a ɗauka ta sama a kuma ɗauka ta gefe. A hoton, kitse yakan fito baƙi-baƙi, sauran naman kuma fari. Ƙari ma fari yake fitowa. Saboda haka idan farin nama ya yi yawa, likitan da ke duban hoton ya zama kamar mai neman farin zare a tulin auduga. Yawan farin nan shi ake nufi da cunkushewar nama. Ba girman nono ba ne, ba kuma taurinsa a hannu ba. Ƙwararriyar ungozoma ma ba za ta gane shi da taɓawa ba, sai an ɗauki hoto. A bisa ɗabi'a, idan al'ada ta ɗauke, ƙwayoyin nan sukan janye, kitse ya maye gurbinsu, hoton ya riƙa washewa shekara bayan shekara. Maganin homon yana tsayar da wannan washewa, wani lokaci ma ya mayar da ita baya.

A wurinmu ɗaukewar al'ada ba cuta ba ce tun asali. Malaman fiƙihu sun san ta a babin idda, inda aka yanke wa macen da ta fid da rai da haila wata uku, kuma iyayenmu mata da yawa sun karɓe ta da farin ciki, tunda salla da azumi ba za su ƙara yanke musu ba. Zafin da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, da rashin barci, ana jingina su ga zazzaɓi ko hawan jini ko tsufa kawai, a jiƙa wani abu a sha. A Turai ma haka aka daɗe ana lalube. Sai a 1895 wani likitan fiɗa a Gilasgo, George Beatson, wanda ya ji labarin manoman da ke cire wa saniya ma'ajiyar ƙwai bayan ta haihu don kada nononta ya ƙafe, ya gwada cire ma'ajiyar ƙwan wata mace mai sankarar nono da ta yi nisa, ƙarin ya ja baya. Bai san sunan sinadarin ba, amma ya nuna cewa akwai igiya tsakanin ƙwan mace da nononta. A 1913 Albert Salomon a Balin ya ɗauki hoton nonuwa wajen 3,000 da aka yanke a fiɗa. A 1929 Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowa a nasa ɗakin bincike, suka tace sinadarin istirojin. A 1942 Amurka ta amince da Premarin, maganin da ake haɗawa daga fitsarin goɗiya mai ciki.

Kasuwar maganin ta buɗe sosai a 1966, lokacin da wani likitan mata a Niyok, Robert Wilson, ya fitar da littafinsa Feminine Forever, inda ya ɗauki ɗaukewar al'ada a matsayin cutar rashin sinadari da ya kamata a yi wa magani har ƙarshen rai. Daga baya ta bayyana cewa kamfanonin magani ne ke ba gidauniyarsa kuɗi. Miliyoyin mata suka hau shan istirojin zalla. A Disamba 1975 mujallar New England Journal of Medicine ta buga bincike biyu da suka nuna cewa masu shan sa sun fi kamuwa da sankarar mahaifa, ɗaya ya ce wajen ninki 4 da rabi, ɗayan ya ce fiye da ninki 7. Ciniki ya faɗi. Likitoci suka nemi mafita, suka kuwa same ta: idan aka haɗa istirojin da furojestin, wanda ke kwaikwayon sinadarin da jikin mace ke fitarwa a rabin wata na biyu, mahaifa ta tsira. Daga shekarun 1980 wannan ya zama ƙa'ida, mai mahaifa a ba ta biyun, wadda aka cire wa mahaifa a ba ta istirojin kaɗai. A ganina nan ne labarin nono ya karkata, kuma an gudu ne ba a tsira ba. Abin da aka ƙara don kare mahaifa shi ne ya fi cika nono da farin nama. Wannan ita ce maganar da nake son karewa a nan.

A daidai wannan lokaci wata muhawara ta daban tana gudana tsakanin likitocin hoto, waɗanda ba ruwansu da maganin homon. A 1976 John Wolfe, likitan hoto a Ditiroyit, ya kasa hotunan nono gida huɗu, daga mai yawan kitse zuwa wanda fari ya rufe, ya ce masu farin nan sun fi kamuwa da sankara da ninki mai yawan gaske. Ba a yarda da shi ba. A 1977 Robert Egan, wanda shi ne ya daidaita dabarar ɗaukar hoton nono a Hustan tun 1960, ya ce abin da Wolfe ya gani ruɗi ne. A cewarsa ƙarin yana nan tun farko, farin nama ne ya ɓoye shi a hoton farko, da ya bayyana daga baya sai aka ɗauka sabo ne. Ma'ana cunkushewa labule ce kawai, ba ta haifar da komai. An yi shekaru ana ja-in-ja. Wanda ya fi kowa haƙuri a kan batun shi ne Norman Boyd na Toronto, wanda ya bar ƙiyasin ido ya koma auna yawan farin da kwamfuta. Bincikensa na 2007 ya nuna cewa macen da fari ya kai kashi 75 cikin ɗari na hotonta ta fi wadda nata bai kai kashi 10 ba haɗarin sankara da ninki 4.7. A cikin shekarar farko bayan hoton da aka ce lafiya lau, bambancin ya haura ninki 17, wanda ke tabbatar da cewa Egan ya yi gaskiya, labulen yana nan. Amma haɗarin bai gushe ba har bayan shekara 8, abin da ɓoyewa kaɗai ba za ta iya bayyanawa ba. Wolfe ya zuzuta lissafi, amma ya ga abin da yake na gaskiya.

Hanyoyin nan biyu sun haɗu a wani gwaji da ake kira PEPI, wanda aka yi a Amurka da mata 875 da al'ada ta ɗauke musu. Don lafiyar zuciya aka shirya shi, ba don nono ba, amma an riƙa ɗaukar hotunan nonon matan, sai Gail Greendale da abokan aikinta suka koma suka duba su, suka buga sakamakon a 1999. Na fi ba wannan gwaji muhimmanci a kan waɗanda suka fi shi suna, saboda ya raba matan gida biyar ta hanyar ƙuri'a, ya ba mu damar ganin aikin kowane sinadari shi kaɗai. Bayan shekara ɗaya, a cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki, babu wadda hotonta ya hau zuwa matakin cunkushewa na gaba. A cikin masu shan istirojin zalla, kashi 3.5 cikin ɗari ne suka hau. A cikin masu haɗa shi da furojestin na wasu kwanaki a wata, kashi 23.5. Masu haɗawa kullum, kashi 19.4. Masu haɗa shi da furojestaron irin na jiki, wanda ake tallatawa yau a matsayin mai sauƙi, kashi 16.4. Istirojin ɗin iri ɗaya ne a duka gida huɗun, kuma adadinsa ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne abokin tafiyarsa.

Sai babban gwajin da kowa ya sani, WHI. Mata 16,608 masu mahaifa, 'yan shekara 50 zuwa 79, rabi suna shan haɗin nan biyu, rabi suna shan ƙwayar da ba magani. A Yulin 2002 aka dakatar da shi kafin lokaci, bayan kimanin shekara 5, saboda sankarar nono ta ƙaru da kashi 26 cikin ɗari. Idan aka mayar da shi lissafin kai, mata 8 ne ƙari a cikin kowace 10,000 a shekara, adadin da bai kai yadda jaridu suka kururuta ba, amma ba abin rainawa ba ne idan masu sha miliyoyi ne. Abin da jaridun ba su damu da shi ba shi ne hotunan. A shekarar farko, kashi 9.4 cikin ɗari na masu shan maganin sun sami hoton da ya sa aka sake kiran su, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 5.4. Ƙarin da aka gano a jikin masu shan maganin ya fi girma, ya kuma fi yin nisa. Anne McTiernan ta auna hotunan mata 413 daga cikinsu, ta buga a 2005 cewa farin ya ƙaru da kashi 6 cikin ɗari na faɗin nono a shekara ɗaya ga masu magani, ya ragu da kusan kashi 1 ga marasa shi. Ɗaya reshen gwajin, mai mata 10,739 da aka cire wa mahaifa, istirojin kaɗai aka gwada a kansu. Shi ma an tsayar da shi a 2004, amma saboda shanyewar ɓarin jiki. A wannan reshe farin ya ɗan ƙaru da abin da bai kai kashi 2 ba, sankarar nono kuwa ba ta ƙaru ba. Da aka bi matan kusan shekara ashirin, rahoton 2020 ya nuna ta ma ragu. Bayan mata sun watsar da maganin a 2002, sabbin masu kamuwa da sankarar nono a Amurka sun ragu da kusan kashi 7 cikin ɗari a 2003.

Masu ja da wannan fahimta suna nan, kuma ba jahilai ba ne. Na farko su ne masu cewa istirojin ne mai laifi tun zamanin Beatson, furojestin ɗan rakiya ne. Suna da hujja a binciken Birtaniya mai mata miliyan ɗaya da Valerie Beral ta jagoranta a Okasfod, wanda ya fito a 2003, da kuma babban nazarin da Lancet ta buga a 2019. Sai dai lissafin 2019 ɗin da kansa ya ce idan mace ta fara a shekara 50 ta sha shekara 5, za a sami ƙarin mai sankara ɗaya a cikin 50 ga masu haɗawa da furojestin kullum, ɗaya a cikin 70 ga masu haɗawa lokaci-lokaci, ɗaya a cikin 200 ga masu istirojin kaɗai. Ko a hujjar tasu, nauyin ya fi karkata wajen furojestin. Ban ce istirojin ba shi da hannu ba, ai shi ne yake share fage. Amma wanda ya lura da yadda nonon mace ke cika yana ciwo gab da zuwan al'ada, lokacin da furojestaron ya yi sama, ba zai yi mamakin abin da PEPI ya gani ba.

Na biyu su ne masu farfaɗo da maganar Egan a sabuwar riga, cewa maganin yana dagula hoto ne kawai. A nan binciken da Celia Byrne ta buga a 2017 daga hotunan WHI ya fi gamsar da ni: ƙarin haɗarin ya taru ne a kan matan da farin ya fi ƙaruwa a hotonsu a shekarar farko, kuma da aka cire tasirin wannan ƙaruwa a lissafi, sai bambancin masu magani da marasa shi ya ɓace. Matan da aka duba ba su da yawa, dole a faɗa. Amma an ga irin haka ta ɗaya gefen. A gwajin IBIS na maganin tamoxifen, wanda ke toshe aikin istirojin a nono, matan da farinsu ya ragu da kashi 10 ko fiye su ne suka sami raguwar haɗari da kashi 63 cikin ɗari, waɗanda nasu bai ragu haka ba kuwa ba su amfana ba. Abin da ke hawa tare da haɗari, ya kuma sauka tare da shi, ya wuce a kira shi labule.

Na uku su ne waɗanda suka yi rinjaye a 2025. Suna cewa matan WHI sun manyanta, matsakaicin shekarunsu 63 ne, kuma maganin na da ne, yanzu akwai na mannawa a fata da na shafawa. Gaskiya ne a kan zuciya da daskarewar jini, kuma na yarda macen da ba ta kai 60 ba, wadda zafi da rashin barci suka hana sakat, tana da haƙƙin a ba ta magani ba tare da an tsorata ta ba. Wadda al'ada ta ɗauke wa da wuri, tun kafin 40, ta fi kowa buƙatarsa saboda ƙashinta. Ɗan istirojin da ake sawa a gaba don bushewa kuma kaɗan ne ke shiga jini. Inda na rabu da su shi ne nono. Furojestaron irin na jiki yana cikin PEPI, kuma ya ƙara fari. Cire gargaɗi daga takarda bai canza abin da hoto ke nunawa ba.

Amurka ta iya sassautawa ne saboda ta gina wani abu a gefe. A 2004 aka gano wa wata malama a jihar Konetikat, Nancy Cappello, sankara da ta yi nisa, makonni kaɗan bayan hoton da aka ce mata lafiya lau. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa namanta cunkusasshe ne. Ta yi fafutuka har jiharta ta kafa doka a 2009, kuma daga 10 ga Satumba, 2024, ya zama wajibi a duk ƙasar a rubuta wa mace ko naman nononta cunkusasshe ne ko a'a. Matakan cunkushewar huɗu ne, A zuwa D, kuma kusan rabin matan da ke zuwa hoto suna C ko D. Wani bincike na 2003 ya nuna hoton yana kama kashi 87 cikin ɗari na sankara a nono mai kitse, amma kashi 63 kawai a wanda ya fi cunkushewa. Don haka ake ƙara wa wasunsu sikanin ko MRI.

Mu dawo gida. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya nuna sama da mata 30,000 ke kamuwa da sankarar nono a Najeriya a shekara, masu mutuwa kuma sun kai kimanin rabin wannan adadi. Mafi yawansu sai ciwon ya yi nisa suke isa asibiti, bayan an gama da mai magani a gida, kuma da dama cikinsu ba su ma kai shekarun ɗaukewar al'ada ba. Ba mu da tsarin kiran mata hoto a kai a kai. Macen Gude da ke son mamogiram sai ta kama hanyar Kano, zuwa irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ta biya mota, ta biya hoto, ta kuma nemi izini da mai rakiya. Mutane irin su Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu sun yi shekaru suna wayar da kai a Arewa a kan gwaji da wuri, amma gangamin wayar da kai na watan Oktoba ba ya maye gurbin tsari.

Akwai masu cewa matanmu suna da kariya, tunda suna haihuwa da yawa suna kuma shayarwa har kusan shekara biyu. Da gaskiyarsu: nazarin Lancet na 2002 ya nuna kowace haihuwa na rage haɗari da kimanin kashi 7 cikin ɗari, kowace shekara ta shayarwa da kashi 4.3, kuma yawan haihuwa yana rage farin nama. Amma ragi ne, ba katanga ba, kuma gadajen asibitocin Kano sun isa shaida.

Abin da ya fi damuna shi ne kantar kemis. Homon ba baƙo ba ne a can. Mata sun san Primolut N, wanda ake sha don jinkirta al'ada lokacin Hajji ko Umara ko goman ƙarshe na azumi, kuma sau da yawa yaron gida ake aika da sunan maganin a ɓallen takarda, mai kanti ya yanko rabin kati ya ƙulla a leda, ba tambaya. Furojestin ɗin da aka yi amfani da shi a WHI ma shi ne sinadarin da ke cikin allurar tazarar haihuwa ta wata uku, ko da yake wannan wani babi ne daban, da matan da shekarunsu da yanayin jikinsu suka bambanta, kuma ba dalili ba ne na barin allurar. Na kawo su ne don a ga cewa hanyar da maganin ɗaukewar al'ada zai bi ya shigo a share take. Doka ba ta ba mai irin wannan kanti izinin sayar da maganin da sai likita ya rubuta ba, amma kowa ya san yadda ake yi.

Likitan da zai rubuta wa wata baba ko inna daga Gude wannan magani yana da tambayoyin da ba su buƙatar na'ura: Hajiya, an taɓa cire miki mahaifa? Akwai wadda ta yi ciwon nono a gidanku, uwa ko 'yar'uwa? Shekara nawa da ɗaukewar al'adar? Akwai kuma alamar da mace za ta ji da kanta. A PEPI, matan da nono ya fara yi musu ciwo bayan sun hau haɗin nan biyu su ne farinsu ya fi ƙaruwa, a WHI kuma an ga haɗarinsu ya fi na waɗanda ba su ji ciwon ba. Saboda haka idan ta dawo ta ce, "Likita, tun da na fara maganin nan nonona ke ciwo," bai kamata a sallame ta da Panadol ba. A tura ta Kano ta yi hoto, a rubuta a takardar cewa tana shan homon da irin wanda take sha, a nemi likitan hoto ya faɗi matakin cunkushewar, idan C ne ko D a duba yiwuwar ƙara mata sikanin. Dakatar da maganin wata ɗaya ko biyu kafin hoto ba mafita ba ce. An gwada haka a Amurka, sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna farin ya ɗan ragu, amma yawan matan da aka sake kira bai ragu ba, zafin da gumin dare kuma suka dawo musu.